Turmi na Uku a Motar Kawu Nomau

Tun da muka dawo daga Yamai ban sha fura a natse ba. Duk inda na zauna, ƙofar lakwal, makarantar da nake koyarwa, ko rumfar mahauta ranar kasuwa, sai wani ya matso ya ce, "Mushe, wai ina motar?" (Mushe shi ne kiran da ake yi wa ɗan boko a nan.) Na ba da amsa a tsaye, na ba da a zaune, har na lura labarin ya fara fitar da rassan da ban dasa ba. Shekaranjiya na ji ana cewa motar ta faɗa kogi da mu a ciki. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma ga furata.

Ga wanda bai sani ba, Kawu Nomau ƙanen mahaifiyata ne, dillalin dawaki tun kafin a haife ni. A ƙasarmu ta Kurfai in ya buɗe bakin doki ya ce shekara shida, ko uwar dokin ta zo ta ce bakwai ba mai saurarenta. Cikin dukan dawakin da suka ratsa hannunsa ɗaya kaɗai ya ƙi sayarwa, wani bidi da ya raina tun yana duƙushi, har launin ya zama suna, kowa Bidi yake ce masa. An taya ba sau ɗaya ba, Kawu ya ce albarka. Saboda haka ranar da ya aiko a kira ni ya ce zai kai Bidi Yamai ya musanya shi da mota, sai da na dubi idonsa ko zazzaɓi ne.

"Wani ɗan Dahome ne, Mushe Kosi ake ce mishi," in ji Kawu. "Mota gare shi, doki shika so. Ni doki gare ni. Mi ya rage?"

"Ya rage ka iya tuƙi, Kawu."

"Arzika ya iya. Kai ka iya takarda. Ni na iya ciniki. Mutum ukku ba su isa ƙarfe guda ba?"

Arzika maƙwabcinsa ne, ya yi soja ya dawo da ɗan guntun Faransanci da iya tuƙi. Sai daga baya muka gane iyawarsa irin ta mahayi ce: ya san yadda ake hawa, bai san abin da ke cikin dabbar ba.

Lakwal na hutu, bazara ta kama, muka bi wani ayarin masu jakai muka gangara kwarin da ake kira dallol. Ni aka ba jaki. Malamin da ya koya wa yara sunayen kogunan Faransa ya fita Filinge ƙafafunsa na jan ƙasa, almajiransa na biye suna gaishe shi da ladabin da ya yi yawa. Na ɗauka Kawu zai hau Bidi, tun da hawan ƙarshe ne. Bai hau ba. Ya riƙe ragama ya taka da ƙafa kwana biyar, yana dattijo. Rana na ɗagawa sai ya ce a sauka. Harawar da zai ba dokin sai ya yayyafa mata ruwa tukuna, ya karkaɗe ta nesa da hancinsa. Na tambaye shi dalili, ya ce amarya ba ta zuwa gidan miji da gajiya. Na rubuta wannan a littafina a matsayin ƙauna. Mai karatu ya riƙe shi, zai yi amfani.

A Tabla muka kwana gidan wani abokin cinikinsa. Daga nan Hausa ta fara sirancewa kamar furar da aka yi wa baƙi, Zabarmanci na ƙaruwa. Na koyi fofo, na ga kalma ce mai ƙwazo: da ita ake gaisuwa, da ita ake godiya, da ita ake yi wa wanda ya faɗo daga jaki jaje. Wannan na ƙarshe a kaina na gwada. Sun ba mu kopto, wato zogale da ƙuli da yaji, irin abin da mu a gida mata ke ci a tsakar gida, su kuwa sun ɗauko shi gaban baƙi ba kunya, kuma gaskiyarsu.

Kafin a shiga Yamai akwai wata rumfa da gardin kumandan mai jar hula, da sanda a gicciye kan hanya. Ya karɓi lesefase ɗinmu, wato takardar izinin tafiya, ya ƙidaya mu, ya ƙidaya sunayen, sannan ya tambayi takardar dokin. Kawu ya ce doki a ƙasarmu haƙoransa ne takardarsa. Gardin ya ce to a buɗe ya karanta. Sai da goro ya shiga tsakani aka ɗaga sandar. Sau huɗu muka wuce mutumin nan a tafiyar, kuma kowane wucewa da irin darajar da ya ba mu.

Yamai ba ta daɗe da zama mazaunin gwamna ba. Mu a Filinge gidaje ke fara zuwa, hanya ta nemi inda za ta ratsa. Can an shimfiɗa tituna miƙaƙƙu ana jiran gidaje su iso. Nasara na rufe ƙofa da rana tsaka su kwanta, duk garin ya tsaya jiransu, abin da in manomi ya yi za a ce raggo ne. Na ga kogin, na kuma yarda ya fi yadda na zana wa yara a allo. Mai masaukinmu, wani Bahaushe mai sayar da fata, ya ciyar da mu shinkafa da kifi. Kawu ya ci shinkafar ya tura kifin gefe, ya ce shi ba ya cin abin da bai taɓa ganin ƙafarsa ba.

Ranar Alhamis da safe, ranar ciniki, na iske shi ya sayi ƙwaryar man shanu wurin wata Bafillata, ya ɗaga kan Bidi yana ɗura masa a maƙogwaro.

"Wannan fa, Kawu?"

"Bankwana ne. Tahi ka wanke fuska."

Mushe Kosi gajere ne mai fara'a, da farar hular kwano da Hausar zango. Motar na tsaye a inuwar gidansa, baƙa, rufinta na tamfol, ta ga duniya. Ya ce wani likita ya fara hawanta, sannan wani ɗan kwangila, sannan shi. Kawu ya kewaye ta sau uku. Ya daddanna ƙafafunta, ya sa aka buɗe mata baki ya leƙa, bai ga haƙora ba, ya koma baya ya duba ƙarƙashin wutsiya inda hayaƙi ke fita. Arzika ya sa manibel, ƙarfen da ake murɗawa a gaba, ya juya sau biyu ta tashi. Wanda ya taɓa jin mata huɗu na lugude a turame huɗu, kowace taɓarya na faɗawa a kan lokacinta, ya ji muryar injin nan. Shi kuma Kosi ya sa aka zagaya da Bidi a fili, dokin ya yi taku kamar ya san ana kallo.

Nan Kawu ya kawo sharaɗin da ake yi a kan dabbar hawa tun kakanni: kwana uku. In cikin kwana uku aibi ya bayyana, kuma tsohon aibi ne ba wanda sabon mai shi ya jawo ba, kowa ya karɓi abinsa. In kwana uku suka cika, ciniki ya ɗaure. Kosi ya yi dariya ya ce mota ba dabba ba ce. Kawu ya ce ana hawanta, tana sha, tana gudu, a gaya masa inda ta bambanta. Mai masaukinmu ya tsaya shaida, ni na rubuta da Faransanci kwafi biyu: daga azahar ta Alhamis zuwa azahar ta Lahadi. Kawu ya miƙa ragama bai dubi dokin ba.

Da muka iso rumfar gardi ya hango ƙura, ya ɗaga sanda tun daga nesa, ya ƙame ya sara. Sai da muka gifta ya ga babu Nasara ciki, Kawu ne a baya ya harɗe kamar kumandan. Hannunsa ya sauko a hankali.

La'asar sakaliya muka sauka wani ƙauye. Arzika ya tafi neman ruwa, ni ina duba ɗan littafin da ya zo da motar, wanda gara ta riga ni karanta rabinsa. Na ɗaga kai na ga Kawu ya buɗe tukunyar ruwan da ke gaban injin yana marmasa jar kanwa a ciki.

"Kawu, mi kake yi?"

"Sabon doki sai an ba shi kanwa, ta wanke mishi cikin tsohon gida. Littafin naka ya hana?"

Na duba. A shafukan da gara ta bari babu hani babu umurni. Na bar shi ya zuba, kuma barin nan ya dame ni washegari.

Ranar Juma'a da safe Arzika ya zaro sandar awon man inji ya ga ya ragu ƙwarai. Ya fasa sabon gwangwanin da muka saya a kanti ya cika. Muka kama hanya. Hantsi bai gama ɗagawa ba luguden ya canza. Mata uku na daka, ta huɗu ta tafi shan ruwa: tif, tif, tif, shiru, tif, tif, tif, shiru. Motar ta fara ɗingishi, jikinta na rawa, shuɗin hayaƙi na bin mu. A ƙasa mai tauri tana lallaɓawa, da mun shiga rairayi sai ta durƙusa. Muka sauka muka tura, muka hau, muka sake sauka. Wasu mata masu ɗauke da itace suka wuce mu, ɗaya ta ce fofo, kuma na san wace iri ce.

Kawu ya ja ni gefe.

"Zancen kanwar nan, ba wanda ya gani sai kai."

"Sai ni da Allah."

"Allah ba shi da surutu. Kai nika ji."

Abin da ke ransa a fili yake. In kanwarsa ce ta kashe motar, aibin namu ne, ba Bidi ba mota, sai ƙarfe a bakin hanya da dariyar Filinge har ya mutu. In tsohon ciwo ne, yana da zuwa azahar ta Lahadi ya kai hujja Yamai. Mu ukun kuwa ba wanda ya san yadda ake tambayar ƙarfe tun yaushe yake ciwo.

Da tura da lallashi muka kai kusa da Baleyara. Nan aka ce mana akwai sansanin masu aikin hanya, kuma akwai wani tsohon soja da ke kula da kamiyon aikin, wato babbar motar kaya, ana ce masa Kafaran Hima. Asabar da sassafe muka je. Mutanen da aka kamo aikin dole na wucewa da kwandunan tsakuwa a ka, ba wanda ya kalle mu. Kafaran na zaune ƙarƙashin gawo, dogon Bazabarme mai furfura, babban yatsansa na dama ya yi baƙi ya yi faɗi kamar ludayi.

"Kurfayawa da mota," in ji shi da Hausa. "Dawakin sun ƙare?"

"Mun ji Zabarmawa sun fara hawan jakai, muka ce mu bar muku hanya," in ji Kawu.

Ya yi murmushi ya ce a tayar. Bai taɓa komai ba, ya tsaya ya karkata kai yana saurare kamar mai jin ƙarar gwaiwar mara lafiya. Sannan ya ɗauko wani ƙarfe mai ƙotar itace. A saman injin akwai abubuwa huɗu a jere masu farin wuya, su ne buji, masu kyasta wuta. Ya ɗora ƙarfen kan na farko ya haɗa shi da jikin injin, injin ya yi tuntuɓe kamar zai mutu. Ya ɗauke, ya farfaɗo. Na biyu haka. Da ya ɗora kan na uku, ko gezau, ɗingishin bai ƙaru ba bai ragu ba.

"Kun gani? In ka kama hannun mai daka, sautin ya canza. In ka kama hannun wadda dama ba ta daka, ba abin da ya canza. Turmi na uku ne."

Na ce ashe shi ma da turmi yake kiransu. Ya ce Nasara na cewa silinda, amma Nasara bai taɓa daka ba.

Ya kwance bujin na uku. Bakinsa baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya goge, ya maƙala masa wayarsa, ya kwantar da shi kan ƙarfe ya ce in duba ko yana kyastawa. Ni da son sani na kai hannu in gyara masa zama daidai lokacin da Arzika ya murɗa. Na karanta labarin lantarki a littafi, har na taɓa koyar da shi. Ranar na san ban san shi ba. Kafaran ya jira na gama yarfe hannu ya ce, "To, wuta akwai. Mushe ya shaida."

"In akwai wuta mi ya hana ta ci?" in ji Kawu.

"Ka taɓa ɗura bindiga?"

"Kafin a haifi kumandanku."

"In ka zuba albarushi ba ka danna shi ba, ka kyasta, mi za ka ji?"

"Fus."

"To haka nan. Cikin kowane turmi akwai taɓarya. Tana hawa ta matse iska da esansi, fetur ke nan, buji ya kyasta, abin ya fashe ya tura ta ƙasa. In matsin na zurarewa, fus ne. Yanzu sai mu ji ko yana zurarewa, sannan ta ina."

Ya kwance sauran bujin ya jera su bisa tsumma. Ya toshe ramin farko da babban yatsan nan nasa ya ce Arzika ya murɗa a hankali. Iska ta ture yatsan da ƙarfi, fuf. Na biyu ya ture, amma ba kamar na farko ba. Na huɗu haka. Na uku kuwa sai ya kira Kawu ya ce ya sa nasa yatsan. Kawu ya sa, Arzika ya murɗa, Kawu ya jira.

"An murɗa?"

"An murɗa."

"Awa numfashin kaza."

Sai Kafaran ya buɗe tukunyar ruwa. Na ga Kawu ya dubi sama yana nazarin gawo. Kafaran ya ga farin busasshen abu a bakin tukunyar, ya lakato ya ɗanɗana, ya dubi Arzika, ya dube ni, ya tsaya a kan Kawu.

"Wa ya ba ta kanwa?"

Wani tsuntsu ya yi kuka.

"Gero fa? Kun ba ta gero?"

"Kafaran," in ji Kawu, muryarsa ƙasa ƙasa, "bar wasa. Ita ta kashe ta?"

"Bari ƙarfe ya faɗa, ni ban sani ba."

Wannan ne ya burge ni da mutumin. Malamai nawa na sani, har da mai rubutun nan, da in an tambaye su abin da ba su sani ba sai su ƙara murya. Shi sai ya mayar da bujin na uku ramin, ya cika tukunyar da ruwa har baki, ya ce a murɗa. Tsakanin turame da ruwan, in ji shi, akwai wani faifai da aka matse. In kanwa ta ci faifan, iska za ta ɓullo ta ruwa, mu ga kumfa. Mu uku muka sunkuya kan bakin tukunya kamar masu duba a ƙwarya. Arzika ya murɗa har ya yi gumi. Ruwan bai motsa ba.

"Ba kanwarka ba ce. Ta ma wanke mata tsatsa. Amma kada ka ƙara."

Kawu ya sauke numfashin da ya riƙe tun Juma'a.

Kafaran ya ci gaba da farauta. Kowane turmi na da ƙofa biyu, ta shigar iska da ta fitar hayaƙi, kuma in ɗaya ta ƙone ba ta rufuwa. Ya aike ni baya in kara kunne a bututun hayaƙi. Ban ji komai ba sai warin da ya bi ni har Filinge. Shi ya saurara ta wajen shigar iska, shiru. Sannan ya buɗe inda ake zuba mai ya kara kunne, ya yafito Kawu. Ni ma na matsa. Can ciki, duk sanda taɓarya ta uku ta hau, sai a ji sss, siriri, kamar salkar da ƙaya ta huda.

"Ƙasa yake gudu, ta gefen taɓarya. Akwai zobban ƙarfe da ke ɗaure da ita don su toshe gefen. Ina zaton sun cinye. Amma zato ba shaida ba ne."

Ya sake kwance bujin, ya ɗebo cokali guda na mai mai kauri ya zuba a ramin na uku, ya sa aka murɗa sau biyu don ya bazu. Ya ce Kawu ya mayar da yatsa. Arzika ya murɗa. Fuf. Yatsan Kawu ya yi sama.

"Ta warke," in ji Arzika.

"Ba ta warke ba, an toshe mata baki ne. Mai ya cike gurbin da zobe ya bari. Da ƙofa ce ta ƙone, ko tulu ka zuba ba abin da zai canza. Wannan zobe ne. Zobe kuwa ba ya cinyewa a kwana biyu, ko da kanwa ko da barkono. Ciwon ga ya shekara."

"To don mi ranar Alhamis take lugude lafiya?" na tambaya.

Ya kwance wani ƙusa a ƙarƙashin injin ya tari ɗan mai a tafin hannu, ya murza, ya ɗaga yatsa man ya biyo shi kamar zuma. Ya ce wannan ba man inji ba ne, na ƙafafun kamiyo ne, an cika mata ciki da shi don ya yi aikin da cokalinsa ya yi yanzu. Zafin hanya ya narkar da shi, ta ƙone rabi, Arzika ya ƙara mai tsarari, asiri ya tonu. Sannan ya nuna bujin huɗu bisa tsumma. Uku sun tsufa sun yi ja. Na ukun, ban da baƙin bakinsa, sabo ne fil.

"Mai ita ya san wane turmi ke cin buji. Ya saya mishi sabo ranar da za ku zo."

Na zaci Kawu zai yi fushi. Sai na ga wani abu kamar girmamawa ya ratsa fuskarsa.

"Mai ya ɗura mata," in ji shi a hankali. "Ɗan Dahomen ga dillali ne."

Kafin mu juya Kafaran ya wanke bujin, ya ƙara mana mai kauri, ya ce za ta kai Yamai in ba a matsa mata ba. Ya kuma ce wa Kawu wata magana da na rubuta: zobba ana samunsu, ana aikowa da su daga bakin teku, wata biyu ko uku, shi da kansa zai sa. Motar ba matacciya ba ce, tsohuwa ce mai magani. Kawu ya ba shi goro da sauran kanwar, ya ce ya ba kamiyonsa.

Komawar ba abin faɗi sai tura. Mun kwana a hanya, muka iso rumfar gardi Lahadi da hantsi, Arzika a ciki, ni da Kawu a baya da kafaɗa. Gardin bai tashi ba. Da ƙafa ya ɗaga sandar.

Inuwa ta kusa komawa ƙarƙashin bango muka shiga gidan Kosi, mai masaukinmu na biye. Kawu bai yi dogon zance ba. Ya sa Arzika ya kwance buji, ya kama hannun Kosi ya ɗora yatsansa a ramin farko, sannan a na uku. Ya zuba cokalin mai, ya sake ɗorawa. Ya ajiye sabon bujin a tafinsa. Kwana ɗaya da koyo, amma ya yi shi kamar gadon gidansu ne.

Kosi ya dubi bujin, ya share yatsa da hankici, ya ce, "Baba, ka gama? To zo mu gaida dokinka."

Bidi na ɗaure a wata rumfa a bayan gida, gabansa busasshiyar harawa mai ƙura. Tun kafin mu isa na ji tarin. Haƙarƙarinsa na ɗagawa sau ɗaya, ya sauka sau biyu, ciki na matsawa kamar mai tatsar zani. Hancinsa a buɗe. Kosi ya kama maƙogwaronsa ya ɗan matsa, dokin ya saki wani tari mai zurfi, busasshe.

"Na kira wani Bafillace ya duba," in ji Kosi. "Ya ce huka ce, ciwon huhu, kuma ta shekara. Ya ce ranar ciniki in an ɗura wa doki man shanu, aka jiƙa masa ciyawa, aka hana shi gudu, sai ya yi kwana biyu kamar lafiyayye. Ni ban san wannan ba. Na ƙarfe na sani."

Sai ga kwana biyar na tafiyar ƙafa, da harawar da ake yayyafawa, da bankwanan ranar Alhamis, duk sun dawo mini a jere. Na buɗe littafina a zuci na soke kalmar ƙauna. Mai masaukinmu ya rufe baki da hannun riga. Dattawan biyu suka dubi juna, kowa da mai a hannunsa, har Kosi ya fara dariya, Kawu ya taya shi kaɗan.

"To Baba, ka shafa na shafa," in ji Kosi. "Ni ina da shawara. Kowa ya riƙe abin da ke hannunsa, a yaga takarda. Ni an riga an gan ni bisa doki a garin nan, ko tsaye yake ya biya ni. In ya ƙare, mahauta na nan."

Na matsa kusa da Kawu na tuna masa maganar Kafaran. Zobe na zuwa daga bakin teku. Huhun doki ba ya zuwa daga ko'ina. Duk wanda ya san ciniki ya san wane gefen ne mai nauyi, kuma a tsakar gidan nan ba wanda ya kai Kawu sanin ciniki.

"Na ji, Mushe," in ji shi.

Bai dube ni ba. Bidi ya ji muryarsa ya juyo da kai, ya yi ƙoƙarin haniniya, tari ya tare ta. Kawu ya sunkuya ya ɗebi harawar ya shinshina, ya watsar da ita waje. Ya dubi inuwar bango.

"Azahar ba ta yi ba. Takarda ta ce kowa ya karɓi abinsa."

"Baba, asara za ka yi."

"Shekara talatin ina sa mutane ita. Bari in ɗanɗana in ji."

Ya kwance ragamar da hannunsa. Na sake buɗe littafin nan na zuci na mayar da kalmar da na soke, ko da yake wannan karon da fensir.

Kwana bakwai muka yi a hanyar gida, don yanzu ba a ɓoye dalilin tafiya a hankali. Gardi ya gan mu mu uku a ƙasa da doki ba mahayi, ya buɗe baki zai tambayi takarda, ya fasa. A Baleyara muka tsaya gaida Kafaran. Ya kara kunne a haƙarƙarin Bidi ya daɗe, ya ɗago ya ce wannan turmin ba shi da zobensa. Arzika ne kaɗai ya yi ta ƙunƙuni, don shi ya riga ya sayi tabarau na tuƙi.

Ranar kasuwa muka shiga Filinge, abin da na so mu kauce wa, Kawu ya ƙi. Mutane suka taso daga rumfuna. Wani tsohon abokin hamayyarsa a dillanci ya tare hanya ya ce, "Nomau, ina motar da aka ce?"

Kawu ya gyara riƙon ragama.

"Na duba ta," in ji shi. "Huka gare ta. Ni kuwa ba a sayar mini da mai huka."

Bidi ya yi tari a bayansa, dogo, har sau biyu. Kawu ya jira ya gama, ya shafa wuyansa, suka wuce gida.